Ranar da Ɗantala Ya Sauki Ciyaman

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a unguwar Bin Omran ta Doha ya san Ɗantala, ko ya so ko bai so ba. Shi ne gajeren nan mai faɗin ƙirji da ke gaishe ka kamar yana kiran fasinjan Legas, ko da kuwa kafaɗarku na gogar juna. Muryar a tashar mota ta Funtuwa ya samo ta, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin girmansa yana kamasho. Ya fizge jakar matafiyi, ya daki gefen mota da tafin hannu, ya rantse da girman Allah saura mutum ɗaya, alhali ba kowa a ciki sai direba yana gyangyaɗi. Sana'a ce, ba abin kunya ba, mutane da yawa sun rufa wa kansu asiri da ita. Abin haushi da Ɗantala shi ne ya ɗauke ta ilimi. A ganinsa duk abin da ke ɗaukar mutane a duniyar nan, mai taya ne ko mai fiffike, dokar tasha yake bi, kuma shi ya haddace dokar tun daga farko har ƙarshe.

Duk da wannan hadda, bai taɓa wuce bakin ƙofar mota ba. Sa'o'insa suka zama direbobi, wasu suka sayi motocin kansu, wasu suka shiga ofishin ƙungiya suna zama a ƙarƙashin fanka. Shugaban tashar a wancan zamani, Alhaji Lado, wanda har gobe ake kira Ciyaman, yakan wuce 'yan kamasho da safe ya ɗaga musu hannu a dunƙule, kamar mai korar ƙuda. Ɗantala yakan zube har ƙasa, ya yini yana ba da labarin cewa shi Ciyaman ya kalla. Da furfura ta fara leƙowa ya koyi tuƙi, ya sami lasisin babbar mota, wani ejan ya turo shi Qatar.

Aikinsa na farko a unguwar Al Aziziya ne, a gidan wani Balarabe, yana kai uwargida kasuwa da yara makaranta. Bai rufa wata biyu ba aka sallame shi. Laifinsa, matar gidan ta daɗe tana shiri, shi kuwa ya fito ya shiga dukan rufin mota yana kwarara ihun a yi sauri da Larabci, "Yalla! Yalla! Saura mutum ɗaya!" Daga nan ya koma jigilar masu shara zuwa filin jirgin sama na Hamad. Nan ma sai da ya nuna hali, ya ce bas ba ta tashi sai ta cika, masu aikin safe suka yi ta makara saboda kujera uku da ba kowa. Ana shirin korarsa ke nan korona ta sauka, ta hutar da kamfanin. Jirage suka ragu, aka ce kowa ya zauna a ɗaki.

Zaman nan ba da ƙarfinsa ya yi shi ba. Mutum shida ne a ɗakin, a kan gadaje masu hawa biyu, kuma wanda ya riƙe shi shi ne Osman, wani maigadi ɗan zangon Kumasi, mutum mai ƙarancin magana da yawan haƙuri. Ɗantala ya ci shinkafarsa, ya sha shayinsa, ya yi wanka da sabulunsa, sannan ya juya yana yi wa Hausarsa dariya. Sauran lokacin kuwa a waya yake ƙarewa. Akwai zauren WhatsApp na 'yan tashar Funtuwa, na da da na yanzu, kuma ba ranar banza da Ɗantala ba ya aika saƙon murya mai tsawo yana koya musu yadda ake tafiyar da sufuri a ƙasar Larabawa. Ba wanda ya taɓa ce masa ko madalla. Za a yi sanarwar suna ko rasuwa a ƙasan saƙonsa, a yi ta amsawa, shi a tsallake shi kamar kwata. Wannan ya fi rashin aikin yi masa ciwo. Abin da yake so a duniya bai wuce ɗaya ba, a zauna a bencin tasha a ambaci sunansa da girma.

Da aka sassauta kulle, sanyin ƙarshen shekara ya shigo, sai aka ce jiragen ruwan yawon shaƙatawa za su dawo Doha. Wanda bai taɓa ganin irin jirgin nan ba, ya ɗauka unguwa guda ce aka yanko aka ɗora a kan ruwa, hawa a kan hawa, da tagogi sun fi a ƙirga. A ciki kuwa mutane ne da suka yi kusan shekara biyu suna kukan an kulle su a gida, ana buɗe musu suka ruga suka biya don a sake kulle su a tsakiyar teku. Allah ɗaya, gari bamban. To, an tura Osman gadin ƙofar zauren fasinja a tashar jiragen, ya ji wani kamfanin yawon buɗe ido yana neman direbobin manyan bas, ya kama hannun Ɗantala ya kai shi, ya tsaya masa.

Ranar farko mudir, wato manajan kamfanin, ya tara su ya yi musu bayani dalla-dalla. Masu jirgin suna tsoron cutar kamar ransu, domin mutum ɗaya ya shigo da ita, an gama da kowa. Saboda haka fasinja ba ya sauka sai a ayari, da jagora a gaba, da takunkumi a fuska. Ba mai ratsewa, ba mai shiga gidan kowa, ba mai cin abincin da ba a shirya masa ba. Duk wanda ya bar ayari, jirgin ba ya karɓarsa, ko shi wane ne. Ɗantala ya yi ta gyaɗa kai har kamar zai cire. A ransa kuwa dariya yake yi. Doka! Wa ya kai ɗan tasha sanin doka? Ai ana kafa ta ne don a sami abin da za a ba da haƙuri a kansa.

Ya yi makonni yana aikin ba tare da ya yi ɓarna ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ya kwashi tsofaffin Turawa masu gajeren wando da jajayen gwiwoyi, ya bi da su titin Corniche na bakin teku, ya sauke su a kasuwar Souq Waqif, ya zauna yana kallonsu suna ɗaukar hoton raƙumi, da hoton tabarma, da hoton mai sayar da shayi. Ya raina su sarai. Fasinjan da ba ya ciniki, ba ya faɗa a kan kujera, ba ya ɗauke da ko buhun masara, a wurinsa ba fasinja ba ne, kaya ne mai numfashi.

Wata ranar Laraba sai ga hoto ya faɗo zauren tasha. Alhaji Lado ne, ya tsufa ya yi tumbi, da farar shadda, a tsaye a saman wani jirgin ruwa, uwargidansa Hajiya Haulat a zaune a gefe. Ɗansa ne ya saka, da bayani a ƙasa. 'Ya'yan ne suka haɗu suka yi wa iyayen wannan tafiya tun kafin korona, aka yi ta ɗagewa. A tsakani Hajiya ta kamu da cutar, ta kwanta har aka cire rai, Allah ya tashi kafaɗunta. Tun tana amarya take cewa ba ta taɓa ganin teku ba, to ga shi yau tana kansa. Sun taso daga Dubai, jibi za su yini a Doha, daga nan su ci gaba.

Ɗantala ya karanta ya sake karantawa. Zancen jinyar Hajiya da burinta ko a jikinsa. Abu ɗaya ya shiga kansa: Ciyaman zai taka garin da yake. A al'adarmu kuwa babba ba ya zuwa garinka ya fita bai taka ɗakinka ya sha ruwanka ba. Idan ya yi haka, ko dai ya raina ka, ko kai ka kasa. In kuwa ya shiga ya ci ya sa albarka, zai koma gida ya ce na sauka wurin wane, kuma daga ranar wane ya zama mutum.

Nan take ya shiga shiri kamar mai aurar da 'ya. Ya fito da garin kuka da daddawa da man shanu da wani ya kawo masa daga gida, waɗanda ya ɓoye a ƙasan akwati duk tsawon kulle yana cin na mutane. Ya kai wa Nasiratu, wata 'yar Accra da ke dafa wa gwauraye abinci a bayan layinsu, ya tsaya a kanta yana koya mata kaɗa miya, ita da ta girmi tukunyar. Ya aro kafet. Ya aro labule ya rataya ya rufe gadaje huɗu. Ya roƙi 'yan ɗakin su ɓace ranar, wanda ya kasa ɓacewa kuma ya ce baƙo ne shi ma.

Osman ya zuba masa ido har ya gama, sannan ya ce, "Ɗantala, wa za ka kawo ɗakin nan?"

"Ciyaman ɗinmu. Kai ba za ka gane ba."

"Na cikin jirgi?"

"To da na cikin jirgin ƙasa?"

"Ɗan'uwa, ka ji maganan da zan faɗa maka. Mutanen nan ba su san a yi haƙuri ba. Ni nake ƙofan, na gani da ido na. Wani Bature ya tsaya sayen turare shi kaɗai, khalas, shi ke nan, ba su bar shi ya hau ba. Ka je ka gaishe shi a mota, ka ɗauki hoto, ya isa."

Ɗantala ya yi tsaki mai tsawo. "Bature ai bai iya magana ba ne. Kai dai tsare ƙofarka, Osman. Harkar fasinja ka bar wa masu ita."

Ranar Juma'a da hantsi jirgin ya tsaya. Ɗantala ya riga ya lallaɓa wani direba ɗan Nepal sun yi musayar bas, don ayarin Alhaji ya faɗo hannunsa. Alhaji ya fito shi kaɗai, yana jan ƙafa a bayan Turawa. Hajiya ba ta sauko ba, gwiwoyinta ba sa son hawa da sauka, ta ce ita a bar ta a kujerarta tana kallon ruwa, abin da ta zo yi ke nan. Ɗantala ya duro daga bas, ya zube a gaban jama'a, ya janye takunkumi ya saki murya.

"Ranka ya daɗe, Ciyaman! Ɗantala ne! Ɗantala na layin Legas!"

Turawa suka ja da baya. Alhaji ya zabura, sannan fuskarsa ta washe, don kwana da kwanaki bai ji Hausa ba sai a bakin matarsa.

"A'a, a'a, a'a! Kai ne a nan? Ikon Allah. Madalla, madalla. Ya mutan gida?"

Haka Alhaji yake ce wa kowa, tun daga gwamna har mai wankin mota. Amma Ɗantala ya ji kamar an naɗa masa rawani. Ya zaunar da shi a kujerar gaba, ya tuƙa bas ɗin yana waige yana zuba, yana tuna masa ranar da motar Haruna ta kama da wuta, da ranar da aka yi rigima da 'yan layin Kano. Alhaji yana ta cewa ƙwarai, ƙwarai, idonsa a kan dogayen gine-gine.

A kasuwa jagora ta sauke mutanenta, ta ɗaga 'yar tutarta ta shige da su lungu. Ɗantala ya riƙo hannun rigar Alhaji.

"Ciyaman, me suke ba ku a cikin abin nan?"

Ya taɓo inda ke yi wa tsohon ƙaiƙayi. Alhaji ya ce ganye, ɗanyen ganye kamar akuya, da nama mai sanyi, da wani kifi da ko wuta bai gani ba. Ya ce rabonsa da abin da zai haɗiya ya ji ya sauka tun a Abuja.

"To akwai tuwon masara da miyar kuka, da man shanu, yana jiranka a gidana. Nan kusa ne."

Alhaji ya haɗiyi yawu, ana gani. Ya dubi inda tutar ta ɓace. "Sun fa ce kada a rabu da jama'a. Wai sai su bar mutum."

"Haba Ciyaman! Kai da ka riƙe tasha tun ina yaro? Wace mota ce ta taɓa tashi ta bar fasinjan da kayansa ke ciki? Balle kai, ba kaya kaɗai ba, har iyalinka na ciki. Ai barazana ce irin tamu, ta saura mutum ɗaya."

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya har tumbinsa na rawa. Maganar ta yi masa daidai, domin shi ma mutum ne da bai saba a tafi a bar shi ba. Shekara da shekaru motoci na jiransa ya gama salla, ya gama cin abinci, ya gama hira. Dattijo da furfurarsa, da matarsa da ta tashi daga bakin kabari tana jiransa, ya sayar da hankalinsa a kan malmala biyu. Ya ce, "To mu yi sauri."

Mai hankali ko ɓarna zai yi, da ya tare tasi. Ɗantala bas ɗin kamfani ya ja gaba ɗaya. Fasinja ai su ke jiran mota idan direba ya tafi cin abinci, haka aka gada. Ban da haka, me amfanin kawo Ciyaman unguwa a ƙaramar mota, wa zai gani? Ya kutsa da ita layin Bin Omran da ƙyar, madubi na shafar bango, ya danna hon har sai da masu shaguna suka leƙo. Ya tare hanya ya kashe motar, ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya sanar da duk mai kunne cewa ga shugaban sufuri na Najeriya ya zo gaishe shi.

Gaskiya tuwon ya yi daɗi, wannan ba a hana Nasiratu ba. Alhaji ya cire hula, ya naɗe hannun riga, ya ci har gumi na ɗiga daga haɓarsa. Bai tambayi abin da ke bayan labule ba, bai tambayi yadda Ɗantala yake rayuwa ba, bai ma ɗago kai ba sai da ya ga ƙasan kwano. Ɗantala kuwa bai ci ko loma ba. Hoto yake ɗauka. Ga Ciyaman yana wanke hannu, ga Ciyaman da loma a baki, ga shi shi Ɗantala ya rusuna a gefe ya manna kansa kusa da kafaɗar Ciyaman. Ya tura duka zauren tasha, ya rubuta a ƙasa, "Yau Ciyaman a gidana ya sauka."

Sai ga amsa. Karon farko tun da ya shiga zauren, sai ga amsa tana shigowa kamar ruwan sama. Kai, Ɗantala! Ashe haka ka zama? Allah ya ƙara girma. A gaida Ciyaman. Har wani da ya taɓa marinsa a kan fasinja ya rubuta "Alhaji Ɗantala". Ya zauna a bakin gado yana karantawa, idonsa ya ciko da ƙwalla. A nan kam ko maƙiyinsa zai ɗan tausaya masa. Mutum ya kusa hamsin, wannan ne abu mafi daɗi da ya taɓa samunsa.

Wayar ba saƙon taya murna kaɗai take kawowa ba. Mudir ya kira, jagora ta kira, Osman ya kira ya sake kira. Ɗantala ya kashe ƙarar ya ci gaba da karatu. Alhaji ya yi salla, tuwo ya yi aikinsa, ya miƙe a kan kafet ɗin aro ya shiga minshari. Wani ɗan ɗakin ya leƙo ya ce rana fa tana yi. Ɗantala ya daka masa harara, ya ce a gidan uban wa ake tashin babba daga barci. Ya zuba sauran tuwon a kula, na Hajiya, don ita ma ta koma gida da labari.

Sai bayan la'asar suka kamo hanya. Suna hawa Corniche Alhaji ya fara zufa ta daban, yana leƙen taga. Da suka sha kwana sai ga jirgin nan a tsaye, fari fat, ko motsi bai yi ba. Ɗantala ya daki sitiyari.

"Me na ce maka, Ciyaman? Ina zai je? Wallahi ko magariba muka kai, nan za mu same shi!"

A ƙofar zauren fasinja Osman na tsaye, fuskarsa ba annuri. A bayansa akwai mudir, da wata ma'aikaciyar jirgin cikin fararen kaya. An riga an tura wata bas ta kwaso Turawan da aka bari suna gasuwa a kasuwa, an ƙirga, an san wa ya ɓata, an san wa ya ɗauke shi. Matar ta yi wa Alhaji tambaya cikin ladabi, Osman yana fassarawa. Ina ya je? Ya shiga gida? Ya cire takunkumi? Ya ci abinci da mutane? Alhaji ya amsa da gaskiya, don man shanu ma na nan a gaban rigarsa. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba zai koma jirgi ba.

Nan Ɗantala ya ga ranar sana'arsa ta zo. Ya gyara tsayuwa. Ya fara da dariya, yana cewa mafi mushkila, mafi mushkila, wato ba matsala a Larabcin can. Ya matsa zai ja matar gefe su yi magana ta fahimta, ta ja da baya kamar ta ga maciji, ta nuna masa takunkuminsa da ke rataye a haɓa. Ya tsuguna ya kama haɓar yana ba da haƙuri. Ya miƙe ya yi faɗa, ya ce ta san ko wane ne wannan? Ya rantse cewa tsohon lafiyarsa ƙalau, shi ne shaida, ya ga yadda ya ci tuwo. Duk makaman da ya tara a tasha ya zazzage su a gaban matar, ita kuwa tana kallonsa kamar mai kallon akuya ta shigo masallaci. Mudir bai yi dogon zance ba. Ya miƙa hannu ya karɓi makullin bas, ya zare katin shiga daga wuyan Ɗantala, ya ce, "Khalas." Sannan ya juya ya dubi Osman, kallon da ke cewa kai ma da sauran magana, kai ka kawo shi.

Ko a nan Ɗantala bai karaya ba. Ya raɗa wa Alhaji, da irin raɗarsa da ake ji a ƙetaren titi, "Kwantar da hankalinka, Ciyaman. Jan aji ne. Kayanka na ciki, Hajiya na ciki. Dole su sauko."

Sun kuwa sauko. Ƙofar ciki ta buɗe, wani ma'aikaci ya turo amalanke da akwatuna uku, hannun wata riga yana leƙowa daga bakin ɗaya don gaggawar da aka yi wajen haɗawa. A bayansa wani ya turo keken marasa lafiya. Hajiya Haulat ce a kai, siririya, hijabinta a karkace, takalmanta a cinya, da ledar magunguna a hannu. An ba ta zaɓi, ko ta ci gaba ita kaɗai ko ta bi mijinta. Matar da ba ta jin Turanci, ba ta iya hawa bene sai an riƙe ta, wane zaɓi ke nan? Tafiyar da aka jira shekara biyu ta ƙare a kwana na uku.

Alhaji Lado, wanda direbobi ɗari suke tashi tsaye idan ya shigo, ya tsaya da hula a hannu ya kasa haɗa ido da matarsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi man da ke rigarsa, ta dubi gajeren mutumin da ke rungume da kula, ta dawo da ido kan mijinta.

"Alhaji, wa ka bi?"

Ɗantala ya matso, har ya fara rusunawa, yana jira a gabatar da shi. Alhaji ya juyo ya dube shi sosai, karon farko a yinin nan. Ba wulaƙanci yake nufi ba, da ma wulaƙancin ne da ya fi sauƙi. Lalube yake yi da gaske, kuma bai samo komai ba.

"Wani ne dai... ya ce ɗan tasharmu ne." Ya sake duban Ɗantala. "Kai, me ma sunan naka?"

"Ɗantala, ranka ya daɗe."

Ba a taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba, kuma ba wanda ya saurara. Hajiya ta riga ta juya ga Osman tana cewa, "Ɗana, don Allah tura ni kusa da gilashin can, in ga tashinsa." Osman ya tura ta. Aka janye matakala, aka kwance igiyoyi, jirgin ya ja da baya a hankali ya juya hanci, ita kuma tana zaune da takalma a cinya tana kallo har ya yi nisa. Wakilin kamfanin jirgin ya zo ya tafi da su otal, inda za su jira jirgin sama zuwa gida. Alhaji bai waiwayo ba.

Osman ya dawo ya tsaya a gaban Ɗantala. Bai zage shi ba, bai ce na faɗa maka ba. Ya ce, "Ba ka da kati. Sai ka fita." Ya raka shi har bakin titi, kamar yadda aikinsa ya ce a yi wa duk wanda ba shi da hurumi a wurin.

Ɗantala ya tsaya a gefen hanya da kular tuwo, ba mota, ba aiki. Waya ta yi motsi a aljihunsa, ya ciro. Ɗan Alhaji ne ya yi rubutu a zauren tasha, yana tambaya cikin fushi wane ne ya fitar da mahaifinsa daga ayari har aka sauke mahaifiyarsa daga jirgi. Ciyaman dai bai san sunan ba. Amma a Funtuwa ba wanda ya tsaya lalube, amsa ta fara shigowa tun kafin ya gama karantawa. Hotunan suna nan a sama kaɗan, shi da kansa ya tura musu.